Hannun da Namadi Bai Ɗaga Ba

Wanda duk ya bi hanyar Tambuwal zuwa Kebbe da ƙafa a shekarun da aka samu mulkin kai, ya san Tungar Ɗangiwa, ko da bai taɓa kwana cikinta ba. Gida talatin ne da 'yan kai a gefen wani tudu, kuma matafiya sun san ba a tsayawa nan neman ruwan sha. Ba rowa ce da mutanen ba, Allah ya sani. Ruwan ne babu.

Namadi jikan Ɗangiwan da ya sari tungar ne. Da damina noma yake yi kamar kowa, da rani kuwa ya zauna gindin gawo yana tufkar igiya, ta rama da ta kaba, ya kai kasuwar Tambuwal ko ta Dogon Daji. Dogo ne, siriri, maganarsa ƙasa-ƙasa, sai ka matso kafin ka ji abin da ya ce. Ba a taɓa jin shi da wani ba. Matarsa ɗaya, Tambaya. 'Ya'yansu mata biyu duk sun yi aure, ɗaya a Sanyinna ɗaya a Fakku, saboda haka gidan daga shi sai ita. Mutumin kirki ne, wannan babu musu. Sai dai kunyarsa ta yi yawa, kuma ni har gobe ban daina jin haushin wannan kunya tasa ba.

Rijiyar da kakansa ya gina ta rufta tun Namadi yana saurayi. Sau biyu mutanen gari suka yi gayya suka sake haƙa wata, sau biyun nan da an kai gaba shida sai a tarar da rairayi yana zubowa ta ko'ina. A na biyun ma da ƙyar aka zaro mutum da rai. Waɗanda suka san aikin suka ce wurin nan sai rijiyar siminti irin wadda hukumar En'e ke ginawa. Sai aka koma tafki. Da damina mutane da shanu su sha tare, da bazara mata su tona ramuka cikin taɓo su zauna jiran ruwa ya tsatso, su kwasa da ƙoƙo. Abin da tafkin ke saka musu da shi kuwa kurkunu ne. Da an yi shuka, daidai lokacin da gona ke neman mai ita, sai ka ga ƙafa ta kumbura ta fashe, farin zaren nan ya leƙo, a riƙa naɗe shi a tsinke kaɗan-kaɗan har wata biyu. Akwai shekarar da magidanta goma sha ɗaya suka kwanta lokaci guda, ciyawa ta cinye gero suna kallo daga bakin zaure. Duba-gari ya zo ya ce musu ruwan tafkin ne ke kawo ciwon, su daina sha. Suka ce to, su sha me? Ya hau kekensa ya tafi.

Da aka ce Tungar da ƙauyukan kewayenta su fitar da wakili ɗaya zuwa majalisar gunduma, ba a yi dogon zance ba aka ce Namadi. Yana da haƙuri, yana da ƙafar tafiya, kuma ba zai je ya yi wa manya tsageranci ya jawo wa gari baƙin jini ba. Aika ɗaya suka yi masa, ita ce rijiya.

Wata biyu-biyu majalisar ke zama, ranar Laraba, a garin hakimi, cikin wani ɗaki mai benci huɗu da tebur ɗaya. Wakilai goma sha huɗu, hakimi bisa kujera, sai Malam Na'iya, malamin majalisa, da ƙaton littafinsa. Namadi kan taso bayan sallar asuba da rigarsa ta fita a naɗe bisa kai, sai ya iso bakin gari ya saka. To, me ake yi a ciki? A yi maganar mahautar da warinta ya dami masu tuwo a kasuwa. A yi ta jakan da ke shiga makabarta, da wanda zai kawo ƙaya a yi shinge. A yi ta burtalin da manoma suka cinye, da ranar allurar shanu, da rabon irin auduga, da masu keken da ba su ɗaura fitila. An taɓa ɓata yini guda cur a kan ko rumfunan 'yan goro gabas za su duba ko kudu. Duk wannan Namadi na zaune yana gyaɗa kai. Sai an kusa tashi ya miƙe, ya gaida hakimi, ya ce mutanen Tungar Ɗangiwa na roƙon rijiya. Hakimi ya ce an ji. Malam Na'iya ya rubuta an ji. Shekara uku Namadi na kai wa mutanensa an ji, su kuma suna ci gaba da naɗe zare a tsinke.

Cikin wakilan nan akwai wani dattijo mai suna Maccido, wakilin Marke, gari ne mil uku daga Tungar. Shi ne mahaifin Tambaya. Shekara ashirin da wani abu da auren nan, Namadi bai taɓa cin ko gyaɗa a gabansa ba, bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa haɗa ido da shi ba. In ya hango shi tafe, tun daga nesa zai tuɓe takalma ya durƙusa a gefen hanya. A majalisa kuwa can ƙarshen benci yake zama, inda ginshiƙi ya kare shi daga idon tsohon. Ardo Bube, wakilin Fulani, wanda ke zama kusa da shi, kullum sai ya zolaye shi, ya ce kai Namadi, ko mu da aka sani da kunya ka fi mu, ranar da ginshiƙin nan ya faɗi ina za ka shiga? Namadi ya yi murmushi ya sunkuyar da kai.

A da, in abu ɗaya ya taso mutum biyu na so, majalisa na da yadda take yi. A yi ta magana har kowa ya gaji. Ƙaramin ya yi wa babban kara, ya ce a ba wane, ai shi ne gaba da ni. Babban kuma, in ya san ƙaramin ya fi shi buƙata, ya ce a'a, na gode, a ba yaro. Hakimi ya sa albarka a tashi, babu wanda ya ji kunya. Haka kowa ya taso ya tarar ana yi, a rabon nama, a rabon gona, a komai. Sai ga sabon tsari ya zo: a ɗaga hannu, a ƙirga, a rubuta, kuma abin da aka rubuta ba a sake ta da shi sai shekara ta zagayo. An gwada shi sau biyu a kan 'yan ƙananan abubuwa, kowa ya ɗaga tare da kowa, ana dariya. Babu wanda ya ɗauke shi da nauyi.

Cikin ranin shekara ta uku da samun mulkin kai takarda ta zo daga Sakkwato, cewa gundumar ta samu rijiyar siminti guda ɗaya bana, majalisa ta zaɓi inda za a gina. Aka tankaɗe aka rairaye, sunan gari biyu ya rage, Marke da Tungar Ɗangiwa.

Ana gobe zama, bayan la'asar, magidanta suka taru ƙofar gidan Namadi. Wannan ya nuna masa tabon ƙafarsa, wancan ya tuna masa geron da ya rasa, liman ya yi addu'a. Da ya shiga gida ya tarar da Tambaya na tace ruwa da gefen tsohon zane, ruwan nan ja kamar kunun kanwa. Ita ba mai yawan magana ba ce, amma ta san mijinta, ta kuma san wanda zai tarar a can.

Ba ta ɗago kai ba ta ce, “Malam, gobe ba gaisuwar surukai za ka ba. In Baba ya faɗi tashi, kai ma ka faɗi taka.”

Ya ce ya ji. Kuma wallahi da gaske ya yi niyya. Duk tsawon hanya washegari yana bitar abin da zai faɗa, magidanta goma sha ɗaya, rairayin gaba shida, ramukan taɓo, har yana motsa baki shi kaɗai.

Da aka zo kan maganar, hakimi ya ce Maccido ya fara. Tsohon ya miƙe ya ce Marke gida ɗari ne da ɗoriya, rijiyarsu ta ƙasa ce, da bazara mata kan yi layi daga safe har rana ta take. Ya ce mutanensa sun aiko shi, ya kuwa isar. Ya zauna. Bai ƙara gishiri ba, bai ja zance ba, mai hankali ma zai gane ƙofa ya bari a buɗe.

Sai aka ce Namadi. Ya miƙe, ya fito daga bayan ginshiƙi, sai ga shi tsaye daidai gaban surukinsa. Duk abin da ya tanada ma'anarsa ɗaya ce: Marke na da ruwa ko yaya ne, mu ba mu da shi, maganar tsohon nan ba ta kai tamu ba. A gaban hakimi, a gaban mutum goma sha uku, ya kayar da uban matarsa?

Ya ce, “Ranka shi daɗe, abin da Baba ya faɗi, haka na. Mu ma dai muna cikin wahala.”

Ya koma ya zauna. Shi ke nan fa, abin da ya kawo daga Tungar ke nan bayan shekara uku. Ardo Bube ya dube shi, ya ga da gaske ya gama, sai ya miƙe a fusace ya yi maganar da Namadi ya kamata ya yi. Ya ce shi ya san tafkin nan, shanunsa na sha, kuma in da yana da wani wuri ko shanun ba zai bari su sa baki ba. Maganar ta shiga mutane.

Malam Na'iya ya ce masu son Marke su ɗaga hannu. Ya ƙirga bakwai, har da Maccido. Ya ce masu son Tungar Ɗangiwa. Hannuwa suka tashi, ya ƙirga shida. Ya sake ƙirgawa, shida dai. Hannun Namadi biyu na bisa gwiwoyinsa.

Kowa a ɗakin ya san in aka yi bakwai da bakwai hakimi ne zai raba, kuma kowa ya san inda zai karkata, don ya taɓa bi ta Tungar da damina yana rangadi, ya ga maza kwance a zaure, ya yi ta salati. Hannu ɗaya ya rage, na wakilin Tungar da kansa.

Malam Na'iya ya ce, “Malam Namadi, ban ga hannunka ba.”

Ardo ya mintsine shi a cinya. Hakimi ya zuba masa ido ya daɗe. Namadi kuwa ƙasa yake kallo. Ba wai ya fasa son rijiyar ba ne, ina! A ransa cewa yake, na yi wa Baba kara a gaban jama'a, yanzu zai mayar mini, a ba mu rijiya babu wanda ya zubar da girman wani. Da wannan ya dogara, don bai taɓa ganin an yi akasin haka ba. Malam Na'iya ya jira, ya sake jira, sa'an nan ya duƙa ya rubuta: bakwai, shida, ɗaya bai ɗaga ba.

Ai kuwa Maccido ya gyara murya ya miƙe. Ya ce tunda yaro ya yi masa kara, shi ma ya yafe, a ba Tungar, sun fi su matsuwa. Namadi ya ji wani sanyi ya ratsa shi. Sai Malam Na'iya ya russuna, ya ce a gafarce shi, an riga an ƙirga an rubuta, doka ta ce ba a sake buɗe maganar sai baɗi, kuma yadda take a littafi haka za ta tafi Sakkwato. Ban ga laifinsa ba, aikin da aka ba shi ke nan, sau biyu kuma ya jira. Wakilan da suka ɗaga wa Marke su ma suka fara gunaguni, suna cewa in haka ne me ya sa aka sa su ɗaga hannu. Hakimi ya shafi gemu, ya ce a ci gaba. Magana ta gaba ita ce ta karnukan da ke damun mahauta.

Labari ya riga shi isa gida. Babu wanda ya zage shi, da ma sun zaga da ya fi. Gaisuwa ce ta gajarce. Wanda a da zai tsaya gindin gawo a yi ta hira, yanzu sai ya ɗaga hannu daga nesa ya wuce. A bayan idonsa kuwa cewa ake yi Namadi ya kai wa surukansa gaisuwa da rijiyar gari. Tambaya ta ajiye masa tuwo, ta koma ɗaki ta yi kuka irin wanda ba ta yi ba tun rasuwar mahaifiyarta. Bai ci tuwon ba, bai kuma iya shiga ya ba ta haƙuri ba, don bai san da wane baki zai fara ba.

Kafin ruwa ya sauka an gama rijiyar Marke. Ruwa garau, mai sanyi, ba ya ƙafewa. Matan Tungar masu ƙarfi suka fara ɗaukar tulu suna taka mil ukun nan. Tambaya ta bi su sau biyu. A hanya habaici, a bakin rijiya habaici. Ran na biyun wata ta ce, ku matsa ku ba 'yar masu rijiya wuri, ai ita da mijinta suka yi mana hanyar wannan yawo. Tambaya ta juyo da tulunta babu ko ɗigo, ta kuma rantse ba ta ƙara ɗiban ruwa a rijiyar nan, kada a ce ta sha daga abin da aka ce sun sayar. Namadi ya roƙe ta, ya ce ta rabu da maganar mutane. Ta ce shi ya kamata ya rabu da maganar mutane ran Larabar nan a majalisa. Daga nan ta koma tafki, ita da tsofaffin da ba su iya tafiya.

Bayan girbi mutane suka fara tashi. Ɗan'iya, maƙwabcinsa na jikin danga, shi ya fara kwance jinkar ɗakinsa ya ɗora wa jakai sai Marke. Wani ya bi, wani ya bi. Kafin shekara ta zagayo gida goma sha biyu sun tafi. Namadi na zaune yana tufka yana ganin garin kakansa na wucewa ta gabansa bisa jakai, baƙin ciki kamar ya kashe shi.

Da maganar rijiya ta sake zuwa majalisa, Namadi ya miƙe ya yi magana da ƙarfi, irin muryar da ba a san yana da ita ba. Ya faɗi duk abin da ya haɗiye bara, bai ko dubi ginshiƙi ba. Aka saurare shi da tausayi. Sa'an nan wani wakili ya ce ɓangaren nan ai ya samu bara, bana sai a duba can kudu wajen iyaka da ƙasar Kebbe. Wani ya ƙara da cewa Tungar ma yanzu gida nawa ta rage? Aka ɗaga hannu. Tungar ta samu uku: Namadi, Ardo Bube, da Maccido. Malam Na'iya ya rubuta bai ɗago kai ba.

A daminar nan kurkunu ya fito wa Tambaya a gwiwa, wurin da ake tsoro. Ana cikin ja a hankali zaren ya tsinke a ciki. Gwiwar ta kumbura ta yi ruwa, zazzaɓi ya rufe ta. An yi sakiya, an yi jiƙe-jiƙe, an kai ta ɗakin magani bisa jaki an dawo. Da ciwon ya lafa bayan wata uku, ƙafar ta riga ta lanƙwashe, ba ta miƙewa. Matan da suka rage, har da masu habaicin da, su ke kawo mata ruwa ƙwarya-ƙwarya saboda Allah. Ita dai ta zama sai ja da gindi daga ɗaki zuwa murhu, macen da a da ke ɗaukar tulu da damin itace a tafiya ɗaya.

Wata safiya da hantsi, gero ya fara nuna, sai ga Maccido a ƙofar gida da jaki. Tun da ya aurar da ita bai taɓa taka gidan ba. Namadi ya zubar da igiyar hannunsa, ya tuɓe takalma ya durƙusa. Tsohon ya amsa gaisuwa a taƙaice, ya ce ya zo ya tafi da ita gida ta yi jinya inda ruwa yake. Ba shawara ya kawo ba. Mata biyu suka fito da Tambaya suka ɗora ta bisa jakin, da ƙullin kayanta. Ba ta yi gardama ba, ba ta kuma dubi mijinta ba, hawaye kawai ke zuba.

Maccido ya kama igiyar jakin, har ya juya, sai ya tsaya. Bai dubi Namadi ba, gawon ƙofar gida ya duba.

Ya ce, “Kunyar da ka ji mini ran nan, na gani, na kuwa gode. Amma ni ba kunya na ba ka ajiya ba. Ɗiya na ba ka.”

Ba a mayar wa suruki magana. Namadi na nan durƙushe har suka sha kwanar tudu.

Aure bai mutu ba, amma Tambaya ba ta sake kwana a Tungar Ɗangiwa ba, rijiyar ma ba ta taɓa zuwa ba. A ranar da aka tafi da ita, da azahar ta yi, Namadi ya shiga ɗiban ruwan alwala ya tarar randa ƙaf. Masu kawowa don mara lafiya suke kawowa, mara lafiya kuwa ta tafi. Ya daɗe tsaye a tsakar gida. Sa'an nan ya ɗauki tulun Tambaya ya aza bisa kai, wakilin gari guda, da furfurarsa, ya bi hanyar tafki ta tsakiyar gari. Matan da ke daka a ƙofar gidaje suka tsai da taɓare suna kallonsa, babu wadda ta yi dariya.